Darasi na 12: Idan Abinci Ya Ƙi Wucewa

Mutum zai zauna da kokonsa na safe a Aboabo, ya kurɓa sau biyu, sai ya ji ya tsaya masa a ƙirji. Ruwa ma haka. Da dare abin da ya ci da rana ya dawo masa baki, ya farka yana tari. Yana ta ramewa, ana ɗura masa maganin gyambon ciki, wasu kuma na cewa sammu ne. Wannan zato yana ba ni takaici, domin yakan cinye wa mara lafiya shekaru. Sau da yawa ciwon da likitoci ke kira akaleshiya ne.

A ƙarshen hanyar abinci, daidai bakin tumbi, akwai tsoka mai kama da zariyar wando. In ka haɗiye abu sai ta saki. Mai wannan ciwo jijiyoyin da ke sa ta saki sun lalace, don haka tana nan a tsuke, abinci na taruwa a sama.

A babban asibiti kamar Komfo Anokye a nan Kumasi, ko Korle Bu a Accra, akan ba mutum wani farin ruwa ya sha a ɗauki hoto. Wurin yakan fito siriri kamar bakin tsuntsu. Ana kuma zura kyamara don a tabbatar ba ciwon daji ba ne.

Ana iya buɗa wurin da balan-balan, ko a yi allurar Botox mai sa tsokar ta saki, wadda aikinta watanni ne kawai. Tiyata ta fi daɗewa tana amfani. Likitan Jamus Ernst Heller ne ya fara ta a 1913: ana tsaga tsokar don ta daina matsewa, yanzu galibi ta ƙananan huji a ciki. Akan naɗo ɗan sashen tumbi a wurin don rage ƙwannafi. A 2008 aka fara wata hanyar a Japan, ta baki, ba a yanka fata.

Iyayena da 'yan'uwana, ku riƙe wannan: tiyata ba ta gyara jijiyoyin. Bayan aiki a fara da koko da romo, tuwon zafi da dokunu su jira izinin likita. A tauna sosai, a ci a zaune. In haɗiya ta sake wuya, wataƙila tabo ne ko tsagar ba ta isa ba. A koma asibiti, ana iya sake buɗawa.

Aikin aji: rubuta alamomi uku na wannan ciwo, sannan ka karanta wa na kusa da kai.