Hular sanyi da abin wuya na yara da kwarashi: a fara da awo

Duk shekara sanyi na shigowa sai ki ga an ɗauko kwarashi da zare an hau saƙa wa yara hula ba tare da an auna kan yaron ba, a ƙarshe hular ta fito ko dai ta matse masa goshi har ta bar shaida, ko kuma ta yi ta zamowa tana rufe masa ido yana cirewa yana yarwa. Ni ma ta farko da na saƙa haka ta faru, kwana biyu ina kanta amma yarinyar ba ta iya sa ta ba, na ji zafin abin sosai. Tun daga lokacin ba na taɓa zare sai na ɗauko tef tukuna.

Ki zagaya tef ɗin ta saman gira da saman kunnuwa zuwa ƙeya inda kai ya fi faɗi. Jariri sabon haihuwa kansa wajen santimita 33 zuwa 36 ne, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma wajen 46 zuwa 50, amma dai yara sun bambanta, in yaron yana kusa da ke to ki auna shi kawai. Abin da kika samu ki cire santimita 3 saboda saƙa tana miƙewa, ana so hular ta ɗan kama kai. Sai ki raba sauran da 3.14, amsar ita ce faɗin da'irar da za ki saƙa ta tsakiyar kai. Misali kan yaro 48 ne, kin cire 3 saura 45, kin raba ya ba ki 14 da ɗan wani abu, to faifan saman hular zai zama santimita 14 daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan ɗan lissafin shi ne rabin aikin wallahi.

Maganar zare kuma, zaren auduga yana da laushi amma ba ya riƙe ɗumi sosai, ki bar shi sai lokacin zafi. Ulu na gashin tumaki shi ya fi ɗumi, ko ya ɗan jiƙe yana ɗumama jiki, matsalarsa wani yana sa yara ƙaiƙayi kuma in ya sha ruwan zafi sai ya tsuke ya dunƙule. Ni na fi son akrilik, wato zaren roba, mai laushi ko wanda aka haɗa shi da ulu, don kayan yara kullum cikin wanki suke. Ki goga zaren a wuyanki kafin ki fara, in ya soke ki to fatar yaro ta fi taki jin sa. Zare matsakaici wanda ake sa wa lamba 4 a jikin takardarsa yana tafiya da kwarashi mai milimita 5, lamba 3 kuma da mai milimita 4, kuma dunƙule ɗaya na giram 100 ya isa hular yaro har ya yi saura.

To ga saƙar. Ki yi sarƙa 4 ki haɗa ta zama ɗan zobe, ki yi sarƙa 2 ta hawa, sai ki zuba doguwar saƙa, wadda ake ce wa dobul, guda 12 a cikin zoben ki rufe zagayen. Zagaye na biyu ki sa biyu-biyu a kowane ido, wato saman kowace saƙa ta zagayen baya, sun zama 24. Na uku ɗaya a ido na farko biyu a na gaba haka har ki zagayo, 36 ke nan. Na huɗu ɗaya, ɗaya, biyu, 48. Kin ga kowane zagaye 12 ake ƙarawa. Ki riƙa shimfiɗa faifan kina aunawa, kar ki dogara da ƙirgen wata don hannun kowa daban ne, wata tana jan zare da ƙarfi wata tana sakinsa. In kika ga bakin yana tattarewa yana lanƙwasa to ƙarin ya yi yawa, in kuma ya fara kumburowa kamar kwano tun bai kai awo ba to kin tsallake ƙari a wani wajen, warware ki koma, ba wani abu ba ne.

Da zarar faifan ya kai faɗin da kika lissafa sai ki daina ƙari kwata-kwata, ɗaya a kowane ido, za ki ga da kanta saƙar ta fara saukowa tana ɗaukar siffar kai. Ki ci gaba har tsawon daga tsakiyar kai zuwa baki ya kai wajen santimita 13 na jariri, 17 zuwa 18 na ɗan shekara 2 ko 3. Ni dai gwajina shi ne kunne, hular da ba ta rufe kunne ba ado ce kawai. A ƙarshe ki yi layi biyu ko uku na gajeriyar saƙa da kwarashin da ya ɗan fi ƙanƙanta don bakin ya kama. In kina koyo daga bidiyo ki lura, abin da 'yan Amurka ke kira dobul 'yan Ingila tirebul suke ce masa, wannan ya rikita mutane da yawa.

Abin wuya kuwa don Allah kar a saƙa wa ƙaramin yaro dogon mayafin nan mai jela biyu. Yaro yana gudu yana hawa abubuwa, jelar na iya maƙalewa a ƙofa ko wajen wasa ta shaƙe shi. Ki yi zagayayye wanda ake zurawa ta kai, ya fi sauƙi ma. Sarƙa ce za ki yi mai tsawon da zai wuce kan yaron a sake, ki haɗa baki da baki ki tabbatar ba ta murɗe ba, sai ki yi ta zagayawa har faɗin ya kai santimita 12 ko 15. Shi ke nan. Safar hannu ta jariri ba ta buƙatar gidan babban yatsa, 'yar jaka ce kawai mai kamammen baki.

Akwai abin da nake so a ɗauka da muhimmanci. Botin da duwatsun ado suna da kyau a hoto amma duk abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 3 zai iya cirewa bakinsa zai kai, gara ki yi adon da zare mai wata kala. Tuntu in za ki sa ki ɗinke shi tamau ki ja da ƙarfi ki gani. Duk inda kika yanke zare ki bar wajen santimita 15 ki sa a allura ki ɓoye shi cikin saƙar gaba da baya, musamman cikin safa, saboda silin zare ɗaya zai iya naɗe ɗan yatsan jariri ya hana jini gudu shi kuma ba bakin faɗa sai kuka. Sannan hula ta fita waje ce, in an dawo ɗaki ko jariri zai yi barci a cire masa, zafi na iya yi masa yawa kuma tana iya zamowa ta rufe hanci.

Wanki da ruwa mai sanyi ko ɗan ɗumi kaɗan, ki matse a hankali cikin tawul ba murɗawa ba, sai ki shimfiɗa ta a kwance ta bushe. In kika rataye ta a igiya da ruwa a jiki nauyin zai ja ta ta zama doguwa, duk awon da kika yi ya tashi a banza.