Manhajar Ajiye Takardun Kamfani: Kurakuran da Aka Fi Yi Tsakanin ta Kwamfutar Ofis da ta Intanet

Duk kasuwancin da ya ɗan kwana biyu, takardunsa kan fi ƙarfin durowa: rasitai, takardun shiga da fitar kaya, yarjejeniyar haya, takardun hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, na haraji, da fayil ɗin ma'aikata. Daga nan sai a shiga neman manhajar da za ta tattara su wuri guda. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda ake ɗorawa a kan kwamfutar ofis, takardun suna nan cikin ginin tare da kai. Akwai kuma wadda ake shiga ta intanet, irin su Google Drive, OneDrive, SharePoint da Dropbox, takardun suna kwance a rumbun kamfanin da ya yi manhajar. Masu talla za su ce maka ta intanet ce ta zamani, mai gyaran kwamfuta kuma ya ce ta ofis ta fi amana. A ganina kowacce tana aiki, kowacce kuma tana iya kayar da mutum. Inda ake tafka asara shi ne a zaɓi manhaja bisa yadda take a ranar da komai ke lafiya, ba a tambayi abin da zai faru ranar da wuta ta ɗauke, ko sabis ya tafi, ko ma'aikaci ya ajiye aiki ba.

Kuskure na farko, wanda ya fi saurin bayyana, shi ne kwashe komai a kai intanet kamar sabis ba ya yankewa. A watan Maris na 2024 manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna a Najeriya suka kasa yi wa mutane aiki yadda suka saba. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Wanda duk takardunsa ke can sama, wato a intanet, a irin waɗannan ranaku ko rasit ɗaya ba zai iya fitarwa ba. Gyaran mai sauƙi ne. Google Drive da OneDrive duka suna ba ka damar ka zaɓi wasu folda ka ce su zauna a kan kwamfutar ko babu intanet, in sabis ya dawo su haɗe da na sama. Ka zaɓi na aikin yau da kullum: farashin kaya, jerin masu bashi, samfurin rasit. Ka kuma tanadi layin data na wani kamfanin waya daban. Sannan ka gwada: wata rana da safe ka kashe intanet ɗin ofis na awa biyu, ka ga wane aiki ne ya tsaya.

Masu manhajar ofis kuma nasu kuskuren ya fi muni, domin ba ya nuna kansa sai aikin gama ya gama. Kwamfuta ɗaya ce a teburin akanta, cikinta akwai tarihin kamfani na shekaru. An sayi faifan ajiya na waje don kwafi, madalla. Amma je ka duba inda yake: yana jone da kwamfutar dare da rana, a kan tebur ɗaya, igiyarsa ta yi ƙura don ba a taɓa cire shi ba. Wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar, za ta iya haɗawa da shi. Ɓarawon da ya ɗauki ɗaya ba zai bar ɗayan ba. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san wuta ba ta ware abin da ke cikin shago. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Ga ƙaramin kamfani wannan na nufin: na kan kwamfuta, na faifan da ake cirewa a kulle a gida, da na intanet. Kuma kwafin da ba a taɓa buɗewa an gwada ba, kada a sakankance da shi. Duk wata a ɗauko fayil biyu ko uku daga ciki a tabbatar suna buɗuwa.

A nan ne mutane da yawa ke cewa, “To ai mu namu yana intanet, mun huta.” Wannan shi ne kuskuren da na fi so a tsaya a fahimta. Aikin waɗannan manhajoji shi ne su daidaita abin da ke kan kwamfutarka da abin da ke sama. Kamar madubi suke: abin da ka yi a gabansa shi za ka gani. In sakatare ya goge folda bisa kuskure, za ta ɓace daga sama, ta ɓace daga wayar manaja da kwamfutar reshen Kaduna. Google Drive yana riƙe abin da aka goge a kwandon shara kwana 30 ne, daga nan ya share. OneDrive na kamfanoni yana kai kwana 93. Takardar da ba a nema sai ƙarshen shekara, lokacin da odita ya zo, ta daɗe da wucewa kafin a lura. Haka in mugun bairos mai kulle fayiloli ya shiga kwamfuta, fayilolin da ya ɓata su ne za su hau sama. Ana iya komawa tsofaffin kwafi, amma sai in an farga da wuri. Su kansu manyan rumbunan ba su fi ƙarfin tsautsayi ba: a Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kwastomomin da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar bayanansu. Don haka ko kana intanet, ka riƙa sauke kwafin komai lokaci-lokaci a kan faifan da ba ya jone da komai.

Sai maganar wa ke riƙe da mabuɗi. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Alhaji ya ce wa yaron ofis, “Kai da ka iya kwamfuta, buɗe mana.” Yaro ya buɗe da imel ɗinsa na Gmail, ya sa lambar wayarsa. Shekara uku ana zuba takardu. Ranar da ya sami wani aiki, ko aka rabu ba daɗi, sai a tarar lambar sirrin shiga asusun, wayarsa take zuwa. Ko da an rabu lafiya akwai haɗari: layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya kan sake sayar wa wani, Google kuma ya sanar cewa yana iya goge asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Asusun kamfani dole ya kasance da sunan kamfani, irin na Google Workspace ko Microsoft 365, wanda mai kamfani ne ke da ikon buɗe wa ma'aikaci ƙofa da rufe ta. Layin da ake aiko lambar sirri ya zama na kamfani, a hannun maigida, a kuma sa mutum na biyu amintacce a matsayin mai kula, don rai da ajali. Wannan ya shafi manhajar ofis ma: kalmar sirrin babban mai kula da takardar lasisi kada su zauna a kan mai gyaran kwamfuta shi kaɗai.

Kusa da wannan akwai ɗabi'ar kalmar sirri ɗaya ga kowa, a rubuce a 'yar takarda an manna a jikin allon kwamfuta. In aka sauya adadi a wata takarda, ba wanda zai iya cewa wane ne, alhali babban amfanin manhajar ajiye takardu shi ne ta nuna wa ya buɗe, wa ya gyara, da wane lokaci. Kowa ya sami nasa asusun, ya ga abin da ya shafi aikinsa kawai. Mai kula da sito ba shi da hulɗa da takardar albashi. A manhajar intanet a yi hattara da zaɓin nan da ke ba duk mai riƙe da adireshin fayil damar buɗe shi, domin da zarar ya faɗa zauren WhatsApp ya fita daga hannunka. Abin ya wuce kunya kawai: tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar NDPC mai sa ido a kanta, kuma asibiti, makaranta ko kamfanin da ke riƙe da lambar NIN da hotunan mutane yana da alhakin tsare su.

Lissafin kuɗi ma ana yin sa rabi-rabi. Manhajar intanet haya ce: kowane wata, kowane ma'aikaci, kuma da yawa farashinsu yana bin dala. Wanda ya yi kasafi a farkon 2023, lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, ya ga yadda ta haura 1,500 a 2024. Na kyauta kuwa ƙarami ne: Google yana ba da gigabait 15 wanda imel da hotuna ke ci daga ciki, OneDrive 5, Dropbox 2. Ita ta ofis ana ganin saye ɗaya ne, an manta da kuɗin inbata ko sola, da man janareta, da mai gyara, da sauya faifai in ya tsufa. Mafi haɗari shi ne kwafin manhaja na sata da ake ɗora wa mutane a arha, da tsohuwar Windows da aka daina yi wa gyaran tsaro. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Bairos ɗin WannaCry da ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila a Mayun 2017 ta kwamfutocin da ba a sabunta ba ya shiga. Ka lissafa kuɗin shekara uku na kowanne ɓangare kafin ka yanke shawara.

Akwai kuma kuskuren da babu manhajar da za ta yi maganinsa: zuba takardu ba suna ba tsari. Hoton rasit da aka ɗauka da waya, a karkace, mai suna jerin lambobi, ba wanda zai gano shi bayan wata shida. A yarda da salon suna ɗaya, a rubuta shi a manna a bango: shekara, wata, rana, sunan kwastoma, irin takarda, misali “2025-03-14 Musa rasit siminti”. In an fara da shekara, fayiloli suna jera kansu. Manhajojin da ke karanta rubutun cikin hoto suna taimakawa a takardar da aka buga, amma sukan yi tuntuɓe a kan ƙ, ɗ da ɓ, balle rubutun hannu ko ajami. Irin waɗannan takardu sunan da ka ba su shi ne kaɗai hanyar nemo su.

To wa ya dace da wacce? Kamfani mai rassa, ko wanda ma'aikatansa ke yawo tsakanin Kano, Legas da Maraɗi, ta intanet ce za ta fi yi masa, tare da folda da ke aiki ba sabis da kwafi a faifai. Ofis ɗaya mai manyan fayiloli, kamar na masu zanen gini ko ɗab'i, a wurin da sabis ke wahala, ya fi dacewa da ajiya a cikin gida, tare da tura kwafi sama da dare. Wanda ke da ma'aikacin da ya ƙware zai iya ɗora manhajar kyauta irin Nextcloud a kan na'urar ofis, a riƙa shiga ta burauza, sai dai nauyin tsaro da sabuntawa duk yana wuyansa.

Kowacce ka ɗauka, kafin ka biya ka tambayi yadda ake fita. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta ce a adana takardun lissafi na shekara shida, kuma a cikin shekara shida manhaja na iya tsada, ko kamfaninta ya rufe, ko katinka ya ƙi biyan kuɗin waje. Wasu manhajojin ofis suna kulle takardu a cikin wani tsari nasu da ba ya buɗuwa sai da su. A lokacin gwaji ka zuba takardu ashirin, ka ce a fitar maka da su duka a matsayin PDF, Word da Excel, da sunayensu da foldarsu yadda ka shirya, ka kai wata kwamfuta ka buɗe. In mai sayarwa ya fara kame-kame a kan wannan, ka nemi wata.