Sikolashif ɗin kiɗa a makarantun kwana na Ingila: ku karanta kafin ku ɗora rai

Assalamu alaikum 'yan uwa, sannunku da zuwa, ya baƙunta ya sanyi. Maganar yau ta iyaye ce, musamman waɗanda suka shigo Ingila da yara a 'yan shekarun nan, ta aikin asibiti ne ko kula da tsofaffi ko karatu. Akwai wani zance da ke yawo tsakaninmu wai idan yaro ya iya kiɗa makarantar kwana ta kuɗi za ta ɗauke shi kyauta har ya gama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba haka abin yake kai tsaye ba, kuma abin yana damuna saboda ina ganin iyaye suna zuba kuɗin da suka sha wahalar nema a kan darasin fiyano da tunanin cewa makaranta za ta biya sauran, daga baya wasiƙa ta zo jiki ya yi sanyi.

Mu fara da kuɗin don shi ne tushen maganar. Manyan makarantun kwana na kuɗi a nan da wuya ka samu wadda ta gaza fam dubu 40 a shekara, irin su Eton kuwa sun haura dubu 60, musamman tun daga 1 ga Janairun 2025 da gwamnati ta ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Toh shi sikolashif ɗin kiɗa a yawancinsu ragin kashi 5 ne ko 10 cikin ɗari, wasu ma ba ragin ko kwabo, suna ne kawai da darasi kyauta a kan kayan kiɗa ɗaya ko biyu. Ku yi lissafi da kanku, makarantar dubu 50 ta rage maka kashi 10, saura dubu 45 a wuyanka duk shekara. Waye cikinmu mai albashin nas ko na kiya, wato mai kula da tsofaffi, zai ɗauki wannan?

Inda kuɗin gaske yake shi ne bosari, wato tallafin kuɗin makaranta ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma shi daban ne, fom ɗinsa daban, ofishinsa daban. Sikolashif ana ba yaro ne don iyawarsa, ko babansa attajiri ne. Bosari kuma ana duba ƙarfin aljihun iyaye ne, yana iya kaiwa kashi 100, wasu makarantun har da yunifom da kuɗin tafiye-tafiye. Amfanin sikolashif a wurin mai ƙaramin ƙarfi shi ne yana sa makaranta ta ji tana son yaron nan, idan tana sonsa sai ta fi saurin buɗe masa jakar bosari. Don haka biyun ake nema tare, lokaci ɗaya, kar ku jira sai yaro ya ci sannan ku ce ashe ba mu da kuɗi, a lokacin an riga an raba na shekarar. Christ's Hospital da ke Horsham tana cikin waɗanda aka fi sani da wannan, yawancin ɗalibanta da tallafi suke karatu, kuma makaranta ce mai ji da kiɗa, 'yan badujalarta ne suke raka ɗalibai zuwa cin abincin rana da maci.

Fom ɗin bosari kuwa sai kun shirya masa don tonon asiri ne na gaske. Takardar albashi, bayanan banki na watanni, kuɗin haya, mota, bashi, da duk wata kadara har wadda ke gida, fili a Kano ko gidan gado a Zariya duk ana so a rubuta. Wasu makarantun suna turo mutum har gida ya zauna a falonku ya bi takardun layi-layi. Abu biyu ne suke rikita mutanenmu a nan. Na farko adashi, ranar kwasarka kuɗi mai kauri ya faɗo akawun, Baturen da ke duba takarda bai san adashi ba, gani zai yi kana da wata hanyar samu da ka ɓoye, toh ka rubuta bayani a gefe tun kafin a tambaye ka, mu nawa ne, nawa ake zubi, yaushe ake kwasa. Na biyu kuɗin da muke turawa gida, na abincin iyaye da asibiti da makarantar ƙanne, a wurinmu wajibi ne amma ba lallai su lissafa shi cikin larura ba sai ka yi musu bayani dalla-dalla. Dan Allah kar a ɓoye komai, duk shekara ake sake dubawa, in aka kama ƙarya yaron ne zai kwana a ciki. Ku kuma tambaya tun farko ko irin bizar da kuke kai ta isa a ba ku bosari, don kowace makaranta da nata sharaɗin.

Sai lokaci. Ƙofofin shiga uku ne, shekara 11 wato aji na 7, shekara 13 aji na 9, sai shekara 16 aji na 12. Makarantun kwana sun fi ɗauka a 13 da 16. Gwajin kiɗa na 'yan 13 yawanci Janairu ko Fabrairu ne yaro yana aji na 8, na 'yan 16 kuma wajen Nuwamba yana aji na 11, amma abin da ke kama sabbin zuwa shi ne wasu manyan makarantun suna rufe rajista tun yaro yana aji na 5 ko 6. In kun makara kar ku fasa tambaya, wasunsu suna barin 'yar ƙofa ga yaron da ya yi fice a kiɗa. Kuma fa kiɗan ba ya ɗauke wa yaro jarabawar shiga, sai ya ci lissafi da Turanci kamar kowa.

Iyawar da ake nema ana auna ta ne da gired, wato matakin jarabawar kiɗa, daga 1 zuwa 8, hukumomin da aka fi sani su ne ABRSM da Trinity. A jarabawar ABRSM ta gaban mai dubawa maki 150 ne, 100 an ci, 120 an ci da kyau, 130 shi ne fice, kuma ba ka wuce gired 5 zuwa 6 sai ka kawo shaidar tiyori, wato jarabawar ƙa'idojin kiɗa, ta gired 5 ko makamancinta, iyaye da yawa ba sa sanin wannan sai yaro ya tsaya cak shekara guda. A taƙaice ɗan 11 ana sa ran ya kai wajen gired 4 ko 5, ɗan 13 daga 6 zuwa sama, ɗan 16 gired 8. Amma duk daraktan kiɗa na kirki zai gaya maka kunnensa ya fi yarda da shi a kan satifiket.

Ranar gwajin kanta ba wani dogon abu ba ne. Ɗaki ne da fiyano, malamai biyu ko uku a zaune da takarda, yaro ya shigo ya kaɗa waƙa biyu masu bambancin yanayi a kan babban kayan kiɗansa, ɗaya a kan na biyun in yana da shi, murya ma ana lissafa ta. Sai a miƙo masa takardar da bai taɓa gani ba a ba shi 'yan daƙiƙu ya duba ya kaɗa, sai a buga wani sauti a fiyano a ce ya maimaita da baki ko ya tafa, sannan hira, me kake saurare, me ya sa ka zaɓi wannan waƙar. A nan nake roƙonku ku koya wa yaranmu ɗaga kai su yi magana, tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban babba abu ne mai kyau a gida amma a ɗakin nan sai a ɗauka yaron ba ya so ne an tilasta shi. Yaran da suka taso daga gida galibi kunnensu garau ne, sau ɗaya za su ji abu su kama, inda suke faɗuwa shi ne karanta rubutun kiɗa, sai dai in yaro ya bi ta irin makarantar kiɗa ta MUSON da ke Legas. Toh a nan za a sa ƙarfi, kullum ko minti goma ne.

Wani abu da ba kowa ya sani ba kuma kyauta ne, za ka iya rubuta wa daraktan kiɗa na makarantar tun saura shekara guda ka ce kana so ya saurari yaronka ya ba da shawara. Suna yi, suna ma son a yi. Zai gaya maka gaskiya ko yaron yana kan hanya ko da saura, kun ga an huta da kashe kuɗin rajista a banza.

Kayan kiɗan da za a zaɓa ma akwai dabara. Masu fiyano da biyolin da sarewa sun yi yawa, gasar da zafi. Okestran makaranta kuwa, wato babbar ƙungiyar makaɗanta, kullum tana neman mai basun, mai biyola, mai dabul bes, mai ƙahon Faransa, mai obo. Ita obo ɗin nan 'yar uwar algaita ce, da 'yar tsinke mai harshe biyu ake busa ta, duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawa zai gane muryar. Amma a bar yaro ya taɓa ya ji wanda ya kwanta masa, shi zai zauna da abin shekara da shekaru.

Kuma kar ku fara da tsada. Yaranku da suka shigo a kan bizarku suna da damar makarantar gwamnati kyauta, ku tambayi ofishin makarantar game da cibiyar kiɗa ta yankinku, kowane yanki a Ingila yana da ita, suna ba da hayar kayan kiɗa da araha da darasi na rukuni. In yaro ya yi nisa akwai ajin Asabar na manyan kwalejojin kiɗa, Royal Academy da Royal College da Guildhall a Landan, RNCM a Manchesta, akwai a Birmingham ma, su ma suna da tallafi. Sheku Kanneh-Mason mai chelo, wato babban goge na Turawa, wanda ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016, makarantar gwamnati ya yi a Nottingham, Asabar yake zuwa Landan ajin Royal Academy, bai yi makarantar kwana ba. Akwai kuma Chineke!, okestra ta makaɗa baƙar fata da sauran tsirarun jinsi, da Chi-chi Nwanoku ta kafa a 2015, mahaifinta ɗan Najeriya ne, suna da ɓangaren yara, yana da kyau ɗanka ya ga masu irin fatarsa a kan dandamali. Wanda kiɗa ya zame masa rayuwa gaba ɗaya kuma akwai makarantu na musamman, Chetham's a Manchesta, Purcell, Yehudi Menuhin, Wells, waɗannan gwamnati ce ke tallafa wa kuɗinsu gwargwadon samun iyaye, sai dai akwai sharaɗin daɗewar zama a ƙasar, wanda ya sauka jiya ba zai samu ba.

Yanzu ga maganar da ta fi min nauyi. Sikolashif alkawari ne, yaron da ya karɓa ya zama na sashen kiɗa, atisaye kullum, okestra, ƙungiyar mawaƙa, wasanni da dare da ƙarshen mako, in ya ce ya gaji ya daina ana iya janyewa. Kuma yawancin tsofaffin makarantun nan a kan addinin Kirista aka kafa su, suna da ɗakin ibada a ciki, a wurare da yawa ana sa ran mai sikolashif ɗin kiɗa ya shiga cikin masu waƙa a ibadar Lahadi. Ga 'yan uwanmu Kiristoci wannan ba matsala, ƙofa ce ma, manyan majami'u suna ɗaukar yara mawaƙa tun suna 7 ko 8 su biya kaso mai tsoka na kuɗin makaranta, mata ma ana ɗauka, majami'ar Salisbury ta fara tun 1991, illa dai ku sani yaron ba zai dawo gida ba sai an gama ibadar Kirsimeti da ta Ista. Ga Musulmi kuwa dole a tambaya ƙarara kafin a sa hannu, shin dole ne ya yi waƙar ibada ko zai iya tsayawa a okestra, akwai abincin halal, akwai wurin sallah, ana barinsa Juma'a, ya ake yi da sahur a ɗakin kwana, yaro mai busa yana azumi za a sassauta masa atisaye. A nemi amsa a rubuce, maganar baki ta ranar ziyara ba ta da amfani idan shugaban gidan kwanan ya canza. Ita kanta maganar kiɗa a addini, gidajenmu ba ɗaya suke ba a kai, uwa da uba ku zauna ku yanke tun yaro bai fara ba, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Abin da ba na so shi ne a bar yarinya ta yi shekara biyar tana koyo ta kai gired 6 sannan wani kawu ya bugo waya daga gida ya ce za a mai da ita maroƙiya a tsayar da komai rana ɗaya, wallahi wannan yana karya zuciyar yaro. In za a amsa wa kawun, ɗalibin kiɗa yana yin jarabawar sakandare ta GCSE da A-level ɗinsa kamar kowa, da yawansu likitanci da injiniyanci suke karantawa daga baya.

Ƙananan kuɗaɗe kuma ku sa su a lissafi, rajista, kuɗin ajiya, yunifom, sayen kayan kiɗa da inshorarsa, kuɗin jarabawa, tafiyar wasa ƙasar waje. In za ku cire yaro sai kun ba da sanarwar zango guda cur a rubuce, in ba haka ba za ku biya kuɗin zangon ko bai zauna ba. Masu turo yara daga gida su kuma bizar ɗalibi yaro za a nema ta hannun makarantar, kuma sai an samu mai riƙo a nan wanda zai karɓe shi a hutun tsakiyar zango da ƙarshen makon da ake rufe ɗakunan kwana.

Ni a ganina yaron da bai daɗe da sauka ba kar a yi gaggawar kai shi kwana yana 11 ko 13, bai gama sabawa da ƙasar ba, Hausarsa da karatunsa na addini a hannunku suke, in ya tafi sai hutu. A bar shi a gida ya yi makarantar unguwa da ajin Asabar, in ya kai 16 yana so da kansa a nemi aji na 12, lokacin ya san kansa kuma kun daɗe a ƙasar, takardunku sun fi ƙarfi. Wanda kuma ya ga ɗansa ya shirya yanzu, ya zaɓi makarantu uku ko huɗu da ba su yi nisa da gida ba, ya tura imel biyu ga kowace, ɗaya ga daraktan kiɗa da shekarun yaro da gired ɗinsa da ɗan bidiyon minti biyu, ɗaya ga ofishin kuɗi yana tambayar ranar rufe fom ɗin bosari da sharaɗin biza.