Yadda nake ƙirga ƙwayoyin Treg a jinin wanda aka yi wa dashen ƙoda

Kafin ka taɓa kwalbar jinin, nemi takardar magungunan mara lafiyan da ranar da aka yi masa dashe. Idan babu waɗannan biyun, adadin da na'ura za ta ba ka ba zai gaya maka komai ba, ko da kuwa aikinka ya yi kyau.

Garkuwar jiki tana ɗaukar sabuwar ƙoda a matsayin baƙuwa, sai ta far mata. Amma a cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wata 'yar ƙungiya da ake kira Treg, wadda aikinta shi ne tsawatar wa 'yan'uwanta kada su wuce gona da iri. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya nuna su a 1995, ya gane su da alamar CD25, wani furotin da ke saman ƙwayar. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gado ta FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ce ke sarrafa su, kuma su ukun suka sami kyautar Nobel a 2025. A jinin mai lafiya, Treg ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ƙwayoyin CD4 ba, wato rukunin fararen ƙwayoyin jini masu ɗauke da alamar CD4. Abu kaɗan ne kake nema, don haka ƙaramin kuskure ma yana iya ɓata sakamakon.

A ɗebi jinin da safe, kafin mara lafiya ya sha takrolimus ɗinsa, wato maganin danne garkuwar jiki, lokaci guda da jinin auna maganin. Ka ga ba a soke shi sau biyu ba, kuma duk zuwansa lokacin bai canza ba. Kwalbar EDTA ko ta hefarin, wato sinadaran hana jini daskarewa, duk suna yi, amma ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta har ƙarshen binciken. Kada a sa a firji, kuma a yi aikin kafin awa 24.

Da rini mai haske ake yi wa ƙwayoyin alama don na'ura ta gane su, kuma rinin kashi biyu ne. Ka fara da alamomin da ke saman ƙwaya: CD3, CD4, CD25, CD127 da CD45RA, tare da rinin da ke tona matattun ƙwayoyi, domin matacciya tana shan kowane rini ta yi maka ƙaryar haske. Sannan ka ƙame ƙwayoyin, ka huda su da ruwan da aka tanada don haka, ka sa rinin FOXP3, wanda ke can cikin cibiyar ƙwaya. A na'urar fulo-saitomita, mai ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta hasken rininsu, ka ware limfosayit, wato nau'in fararen ƙwayoyin jinin da Treg ke cikinsu, ka fitar da waɗanda suka manne biyu-biyu, ka shiga CD4, ka nemi masu CD25 da yawa, CD127 kaɗan, FOXP3 a bayyane. Ka ajiye kwalba guda da ke da duk rini ban da na FOXP3, ita za ta nuna maka inda za ka ja layi. Kada ka ja shi da ido.

Yanzu ga inda takardar magunguna ke shigowa, kuma nan ne na fi so ka natsu. Basiliksimab, maganin hana jiki ƙin ƙodar wanda ake bayarwa ranar dashe da kwana huɗu bayanta, a kan CD25 ɗin nan yake zama, ya rufe shi makonni. Idan rininka ma wurin yake nema, za ka ga kamar Treg sun ɓace, alhali suna nan. A wannan lokacin dogara da CD127 da FOXP3, ko ka nemi rinin CD25 mai kama wani gefe daban. Wanda aka ba ATG kuwa, wato maganin da ke kashe limfosayit, limfosayit ɗinsa sun kusa ƙarewa, sai kason Treg ya yi sama alhali ainihin yawansu ƙasa ya yi. Shi ya sa kullum nake ba da adadi biyu: kaso cikin ɗari, da yawansu a kowace maikrolita ta jini. Takrolimus da saiklosforin suna hana samar da IL-2, wani sinadarin garkuwar jiki da Treg ke rayuwa a kansa, don haka yawanci suna rage su. Sirolimus, wani maganin danne garkuwar, ya fi barin su. Idan ka gwama mutum biyu masu shan magani daban, bambancin maganin ka auna.

Akwai kuma wani tarko. A jikin ɗan Adam, ƙwayar T ta yau da kullum, wato 'yar'uwar Treg mai kai hari, idan ta harzuƙa takan nuna FOXP3 na ɗan lokaci ba tare da tana tsawatar wa kowa ba. Mai zazzaɓi ko mai fama da ƙwayar cutar CMV zai iya cika maka allo da irinsu. CD45RA yana taimakawa wajen tace su: waɗanda ba su da shi kuma FOXP3 ɗinsu ya yi rauni, ka yi shakkarsu. Idan kuna da hali, gwajin TSDR, mai duba wani sashe na FOXP3 a kan DNA, ya fi tabbatarwa.

Awo ɗaya ba ya wadatarwa. Ka bi mutum guda kafin dashe, da bayan wata 1, 3, 6 da 12, ka gwada shi da kansa. Kuma yawan Treg ba kullum ne alheri ba, domin an danganta shi da kansar fata a wasu masu dashe.

Fata a wannan fanni gaskiya ne. Binciken ONE Study da aka buga a mujallar Lancet a 2020 ya nuna ana iya ba masu dashen ƙoda ƙwayoyin tsawatarwa ba tare da cutarwa ba, kuma cututtukan da suka kama su sun ragu. Amma har yau babu wani adadin Treg da likita zai gani ya ce a rage magani. Mara lafiya da ya gaji da shan magani zai iya ganin sakamakonka ya yanke wa kansa hukunci, ƙodar da wani ya sadaukar ta lalace, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Don haka a ƙasan kowane rahoto nake rubuta cewa gwajin na bincike ne, kuma kiriyatinin (awon aikin ƙoda a jini), furotin a fitsari, matakin magani a jini da gwajin tsokar ƙodar su ne likita zai duba kafin ya taɓa magani.