Yadda za ka gane ko aikin masanin raunin ƙwaƙwalwa da laka ya yi tasiri da gaske

Yawancin ɗalibai in malami ya ce su duba tasirin binciken wani farfesa, sai kawai su buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike, su kwafo lambar sau nawa aka ambaci takardunsa su ce shi ke nan. To lambar nan tana da amfaninta ban musa ba, amma a fannin raunin kai da na laka tana iya yaudararka sosai.

Fara dai da Google Scholar ɗin tunda kyauta ne. Rubuta sunan mutumin, in yana da shafi za ka ga sau nawa aka ambaci takardunsa, da wani abu wai h-index da wani masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo a 2005. In ka ga 20, ma'ana yana da takardu 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Ka dai tabbatar ba a cakuɗa masa aikin wani takwaransa ba, kuma ka leƙa ko shi ne ke ta ambaton kansa da kansa, don akwai masu wannan halin.

Daga nan aikin gaske ke farawa, wato ka bi sawun binciken ka ga ko ya isa gadon mara lafiya. Ɗauki Graham Teasdale da Bryan Jennett, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Glasgow, a 1974 suka fitar da takarda a mujallar Lancet kan yadda za a auna zurfin suma, ma'aunin da ake kira Glasgow Coma Scale, GCS a taƙaice. Kafin nan wannan likita ya rubuta "ya ɗan farfaɗo" wancan ya rubuta "yana magagi", wanda ya karɓi aikin dare bai san ko mutum sauƙi yake samu ko tafiya yake ba. Su sai suka ce a duba abu uku kawai, buɗe ido, magana, da motsi, yanzu maki daga 3 zuwa 15 ne, in ya zama 8 ko ƙasa da haka raunin mai tsanani ne. Yau in aka kawo ɗan acaɓa emajensi kai ya bugu da kwalta, za ka ga likita ya kira sunansa da ƙarfi, bai amsa ba ya danna masa farce, ya rubuta a folda ido 2, magana 2, motsi 4, babban likita na shigowa abin da zai fara tambaya "GCS ɗinsa nawa?" Da yawa cikin masu amfani da shi ko takardar ba su taɓa karantawa ba balle su ambace ta, don haka Google Scholar ba zai ƙirga maka wannan ba.

Ga kuma ɗaya gefen, kuma nan nake so ka nutsu. A 1990 Michael Bracken na jami'ar Yale da abokan aikinsa suka fitar da bincike cewa in aka ba mai raunin laka allurar methylprednisolone mai yawa cikin awa 8 na farko tana taimakawa. Asibitoci suka rungume ta, aka yi ta ambaton takardar. Sai ga shi a 2013 ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka sun fitar da ƙa'ida cewa ba su ba da shawarar a bayar ba saboda illolinta, har yanzu ma ana jayayya a kai. A ɓangaren raunin kai kuwa, gwajin CRASH na 2004 da ya haɗa majinyata sama da 10,000 ya nuna irin wannan magani ƙara mace-mace ma yake yi. Kenan cikin masu ambaton takarda akwai masu yabo akwai masu cewa ba haka ba ne, amma kwamfuta duk ɗaya take lissafa su.

Saboda haka in ka samu babbar takardar mutum, danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta, ka taƙaita zuwa shekarun baya-bayan nan, ka karanta ko da biyar ne ka ji me suke cewa a kanta. Sai ka wuce PubMed, rumbun takardun binciken likitanci, ka nemo ƙa'idojin jinya na yanzu da nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara bincike tana tacewa, kan batun ka ga ko aikin nasa na ciki, kuma da wane ido aka kalle shi. Leƙa Retraction Watch ma, shafin da ke bibiyar takardun da aka janye, ko an taɓa janye masa wata takarda, minti biyu ya isa.

In kana da ɗan'uwa ko aboki a asibitin koyarwa, kira shi ka tambaye shi kai tsaye ko suna aiki da abin a wod, in ya ce sun daina, ka tambaye shi tun yaushe kuma me ya sa, ka rubuta amsar kusa da lambar da ka kwafo.