Yadda za ka rage ɗan hali a shagonka

Shekarata 14 ina sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Sakkwato. Yaron shago da mudun maigidansa yake awo: in ya ga kana ƙwarar mai saye, gobe kai zai ƙwara.

Yanka masa albashi, ka biya ranar da ka ce. Kuɗin abincin rana daban.

Ni ko goro zan saya da kuɗin ciniki sai na ce, "Rubuta, Alhaji ya ɗauki naira 200." Kafin magariba mu ƙirga tare, har da na POS. In an samu giɓi, ja shi gefe ka tambaya, ban da tsawa gaban maƙwabta. Na taɓa yi wa wani yaro tsawar, ashe ni na ba da bashin turmi biyu ban rubuta ba.