Kurakuran da ke kayar da 'yan gudun Diagonale des Fous a tsibirin Reuniyon

Duk watan Oktoba, a daren Alhamis, dubban 'yan tsere kan tashi daga garin Saint-Pierre a kudancin tsibirin Reuniyon, su nufi filin wasa na La Redoute da ke Saint-Denis, can arewa. Tsibirin yankin Faransa ne a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kuma aman wutar dutse ne ya samar da shi. Tseren ya samo asali a 1989. Tsawonsa kan kama daga kilomita 165 zuwa 175 gwargwadon hanyar da aka zana a shekarar, hawan da ke ciki kuwa in an tara ya kai wajen mita 10,000. Masu janyewa kafin ƙarshe suna da yawa, kuma abubuwan da ke kayar da su kusan iri ɗaya ne kowace shekara.

Uwar kurakuran ita ce lissafi da kilomita. Mai gudun fanfalaki a kan kwalta yakan ce ai kilomita 42 ne sau huɗu, ya ninka lokacinsa, ya ƙara 'yan sa'o'i don gajiya. Wannan lissafin dokin rano ne. Gwanaye irin su François D'Haene, da ya lashe tseren sau huɗu, kusan kwana guda cur suke yi a hanya, wato wajen kilomita 7 a sa'a. Sauran jama'a ana ba su wa'adin sa'o'i kusan 66. Hanyar matattakala ce ta dutse da itace, ga saiwoyi, ga taɓo, kuma a wasu wuraren kilomita 2 kan cinye sa'a guda. Don haka tsara atisayenka da sa'o'in da za ka yi a kan ƙafa da mitocin da za ka hau, ka kuma koyi tafiya da sauri a hawa, domin tafiyar ta fi gudun yawa.

Na biyu, kowa hawa yake tsoro, alhali gangara ce ke cin mutum. Duk mitar da ka hau sai ka sauke ta, tunda a bakin teku aka fara, kusa da teku kuma za a ƙare. A gangara naman cinya yana riƙe nauyin jiki ne yana miƙewa, wannan kuwa shi ya fi yayyaga tsoka. Wanda ya saki jiki a gangarar shiga kwarin Cilaos, yana murna ya wuce mutane, zai gane kurensa idan ya haye mashigar Taïbit ya faɗa kwarin Mafate: cinyoyi sun sandare, kowane taki sai ya cije baki. Maganin yana farawa watanni kafin tsere. A riƙa sauka daga tudu mai tsayi ko matattakalar bene a kai a kai, ana ƙarawa sannu sannu, domin tsoka takan saba ta rage lalacewa. Ranar tsere kuma a gajarta taki, a bar masu gaggawa su wuce. Kada ma ka sa rai da sandunan dogarawa; an daɗe ana hana su a wannan tsere, saboda haka karanta dokar shekarar kafin ka ɗora horonka a kansu.

Tunda an ambaci Mafate: babu titin mota a cikinsa ko ɗaya. Da ƙafa ake shiga, da ƙafa ake fita, in ba jirgi mai saukar ungulu ba. Wanda ya bar Cilaos da ciwon da yake ɓoyewa, in ya ga ba zai iya ba a tsakiyar kwarin, sai ya taka da ƙafarsa ya fito, mafitar kuma hawa ce mai tsanani irin ta tsaunin Maïdo. A Cilaos ake yi wa kai hisabi. Ka zauna, ka ci, ka duba ƙafa, ka nuna wa ma'aikatan lafiya abin da ke damunka.

Sai masu jin an ce tsibiri mai zafi su cika jaka da 'yar shara. Zafin na bakin teku ne. Duk mita 1,000 da aka hau, ma'aunin zafi kan sauka da digiri 6 ko fiye, kuma daren farko a kan tsaunukan da ke kusa da dutse mai aman wuta na Piton de la Fournaise yake riskar mutum, jiƙe da gumi, iska na kaɗawa. Sanyin kan kusanci digiri sifili. Rigar ruwa, riga mai ɗumi, safar hannu da bargon gaggawa ba kayan ado ba ne don masu binciken jaka su gani. Saka su tun kafin ka fara karkarwa. A ɗaya gefen kuma, Chemin des Anglais, tsohuwar hanyar da aka shimfiɗa da baƙin dutse bayan garin La Possession, takan zama kamar tanda da rana, ga shi ana isa gare ta ne ƙafa ta riga ta mutu. Wanda ya fito daga ƙasa mai sanyi yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki cikin zafi kafin jikinsa ya saba.

Batun ruwa yana da baki biyu. Ƙishirwa kowa ya san ta, amma ɗirkar ruwa zalla ba lissafi yakan tsinke gishirin jini, abin da kan kawo ciwon kai, amai, ruɗewa, har ya kai ga halaka. In yatsu sun kumbura, ciki ya cika, kai na juyawa, ƙarin ruwa ba shi ne magani ba; a nemi likitan zango, wato wurin hutu da abinci da ke kan hanyar tseren. Sha gwargwadon ƙishi, ka haɗa da abinci mai gishiri. Abincin ma a fara shi tun sa'ar farko, kaɗan kaɗan, wajen giram 60 na sitaci ko sukari a sa'a, har zuwa 90 ga wanda ya horar da cikinsa. Jiran yunwa kuskure ne, domin bayan sa'o'i 20 tashin zuciya ne ke zuwa a madadinta. A lokacin romo da shinkafar zango sun fi kayan zaƙi shiga. Ruwan rafi kuwa, komai garau ɗinsa, a bar shi, akwai cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa a tsibirin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu haɗiyar ibuprofen don kashe ciwo. Tsoka na farfashewa, jiki ya bushe, sannan a ƙara wa ƙoda wannan nauyi. Fitsari ya koma baƙi ƙirin alama ce ta a tsaya nan take.

Takalmi sabo fil, a'a. A zo da wanda aka saba da shi, mai haƙora a tafi, mai ɗan sarari a gaba don farce, tunda ƙafa kan kumbura. A sauya safa in ta jiƙe, a manna filasta inda ya fara zafi tun bai yi bororo ba.

Saura barci, wanda sabon shiga ke ɗauka ragwanci ne. Mafi yawan 'yan tseren dare biyu suke yi a hanya, wasu uku, kuma rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, duhu ya rufe da sauri. A dare na biyu ido kan mai da kututture mutum, ƙafa ta riƙa kuskure taki a gefen kwazazzabo. Minti 15 zuwa 20 a zango, lulluɓe da bargo, an sa agogo ko an roƙi ma'aikaci ya tashe ka, yakan dawo da hankali fiye da kofi uku. Yi shi tun gyangyaɗi bai ci ƙarfinka ba, kuma kafin ka miƙe ka sauya batirin fitilar goshi a inda akwai haske, ba a tsakiyar gangarar Colorado, ta ƙarshe da ke sauka zuwa La Redoute, ba.